Shekarar da Jiragen Argungu Suka Samu Sunan Turanci

A shekarun da nake koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, ina da wata dukiya da ba ta da kasuwa: manyan kalmomin Turanci. Tun ina ɗaliba nake tsintar su. In na ci karo da wata doguwa mai wuyar faɗi a cikin littafi, sai in bi ta ƙamus, in yi ta juya ta a baki har ta zauna. Matsalar ita ce babu inda zan kai su. In na saki guda a aji, yara su zuba mini ido kamar na yi atishawa. A gida kuwa, can unguwar Nasarawa inda muke zaune, maigidana malamin gona ne, in na jefa masa ɗaya sai ya ce, "Allah ya ƙara ilimi," ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ana nan sai ga Kawu. Ƙanen mahaifiyata ne, masunci kuma manomin shinkafa a Argungu, dogo mai faffaɗar murya, irin mutanen da tun daga bakin titi ake sanin sun iso. Ya shigo Birni neman wani ƙarfe na injin ban-ruwansa, ya biyo ta gidanmu. Sai da ya ci abinci, ya wanke hannu, ya gyara zaman hularsa, sannan ya dube ni.

"Ɗiyata, buƙata ag gare ni."

Na ce Allah ya sa ina da ita.

Ya ce daga tasha ya hau Keke mai ƙafa uku, bayanta an rubuta wani Turanci da manyan baƙaƙe. Ya tambayi mai tuƙin ma'anarsa, ya ce masa shi ma bai sani ba, amma tun ranar da aka rubuta, ko manyan motoci ba sa matse shi a hanya. To shi Kawu an haɗa masa sabon jirgin ruwa na katako, ko fenti bai gama bushewa ba.

"Suna nika so a sa mai," in ji shi. "Na Turanci. Mai nauyi. Wanda ko mai digiri yag gani sai ya cire tabarau ya goge."

Na ce, "Kawu, ai samarin gidanku duk suna da waya. Su duba maka mana."

"Waya ba ta da gida. In tab ba ni zagi, wa za ni kamawa? Ke kau na san ƙoharki."

Wallahi ji na yi kamar an ce mini ga biki ya zo, in buɗe akwati. Na gyara zama na fara jero masa. Ya lumshe ido yana saurare kamar mai jin kiɗa. Na ce resplendent, mai ƙyalli da ado. Ya ce wannan na amare ne. Na ce intrepid, marar tsoro. Ya ce ma'anar ta yi, amma kalmar ta yi gajarta, kamar tari. Na ce magnificent, ya ce ya taɓa jin ta a rediyo, ba ya son abin da kowa ya taɓa. Sai na ja numfashi na ce indefatigable.

Ya buɗe ido ɗaya. "Sake."

Na sake.

"Mi ta ka nuhi?"

"Wanda ba ya gajiya. Ko an so ya gaji, ba ya gajiya."

Ya doki cinyarsa har kwanon ruwa ya yi tsalle a kan tabarma. Daga nan muka shiga aikin koyon faɗarta. Ni in faɗa, shi ya faɗa, kalmar ta kuɓuce masa a tsakiya kamar tarwaɗa. Maigidana ya dawo daga aiki ya same mu muna ta fama, ni hawayen dariya sun jiƙa mini mayafi. Can sai Kawu ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Ya motsa leɓe shi kaɗai, sannan ya ce a hankali, "In da fata, ka ɓullo."

Muka dube shi.

"In da fata ka ɓullo! Ai Hausa ta, Turawa sunka ɗauka sunka lanƙwasa. Abin da masunci ka ce ma kihi ke nan in ya jefa taru."

Ko maigidana sai da ya zauna a kan buhun masara don dariya.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Argungu, domin Kawu ya ce ba za a sa fenti ba sai mai kalma tana tsaye. An jawo jirgin kan yashi a bakin gulbi, shuɗi ne shar. An kira wani mai rubuta allunan shaguna daga cikin gari. Ina faɗa masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yana zanawa da farin fenti. Ya fara da ƙarfinsa, manya-manya, bai tambaye ni tsawon tafiyar ba. Kafin mu kai rabi wuri ya fara ƙarewa, sai baƙaƙen ƙarshe suka cushe da juna kamar fasinjojin kujerar baya. Kawu bai damu ba. Ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya karanta wa duk wanda ke wurin, ko da yake ba ya karatun boko: "In da fata ka ɓullo."

A nan taubashinsa ya iso. Ɗan gwaggon Kawu ne, don haka tsakaninsu duk abin da aka faɗa wasa ne, ba a fushi. Gajere ne kakkaura, ni Baba nake ce masa. Mutum ne da zai iya yin gardama da hadari. Ya zagaya jirgin hannuwa a baya, ya sunkuya, ya shinshina fentin.

"Mi as sami jirgin naka? Ƙyanda?"

Kawu ya faɗa masa sunan, ya faɗa masa ma'anar.

"Ba shi gajiya? Kai? Kai da munka iske kana barci bisa taru, kihi na hita ta ƙarƙashinka?"

Ya tafi yana dariya yana girgiza kai. Amma da la'asar sakaliya, muna tsakar gida ni da matar Kawu, wadda nake kira Inna, sai muka ji sallamarsa a zaure. Na fito na same shi da ƙullin busasshen kifi a hammata, yana kallon rufin ɗaki kamar ba shi ya yi sallamar ba.

"Malama," in ji shi, "in akwai saura."

Kawu na bayan zana yana yi mini raɗa da muryarsa da ba ta san raɗa ba: "Ba shi wadda ka nuhin jaki. Ba shi sani."

"Ina jin ka," in ji Baba.

A nan na kafa dokata, kuma ban taɓa karya ta ba: duk kalmar da zan bayar, sai na faɗi ma'anarta, ba ragi ba ƙari. Na tambayi Baba irin wadda yake so. Ya ce wadda za ta nuna shi ba ya ɗaukar raini. Wata kalma ta riga ta zo mini baki tana ƙwanƙwasa. Na ce, "Baba, akwai wata, amma ka yi haƙuri. Cantankerous. Ana faɗa wa mutum, musamman dattijo, mai yawan ƙorafi, mai neman faɗa a kan komai, wanda ba a iya masa."

Na fara tunanin ta inda zan nemi gafara. Sai na ga fuskar Baba tana buɗewa a hankali har haƙoran goronsa suka bayyana.

"Ashe Turawa sun san da ni!"

Ya miƙe ya yi taku biyu yana faɗin "Kantankaras, Kantankaras," yana buga ƙafa a kan kowace gaɓa. Washegari aka rubuta masa a jikin tsohon jirginsa. Da aka gama sai ya je ya auna ta Kawu da taƙin hannunsa, ya dawo ya auna tasa, ya ga tasa ta gaza. Ya sa mai fenti ya goge ya sake, a buɗa baƙaƙen, a ba kowanne fili, har sai da kalmar ta taso daga hancin jirgi ta dire a wutsiya.

Shi ke nan, abu ya zama yayi. Duk Asabar in na sauka a tasha, kafin in kai gidan Kawu labari ya riga ni. Masunta su cika zaure, ni in zauna a kan kujera 'yar tsugunno daga bakin ƙofar ciki, Inna na bayana tana juya kifi a kan wutar banda tana sa baki. Kowa ya zo sai ya ba ni labarin halin jirginsa kamar mai kai marar lafiya asibiti. Wannan ya ce nasa yana da taurin kai in iska ta taso. Wancan ya ce nasa ya tsufa amma bai taɓa ba shi kunya ba. Ni kuwa in rufe ido in lalubo.

Akwai wani siriri da abokansa suka ce duk inda ka je a gulbin nan sai ka tarar ya riga ka. Ka je gabas yana nan, ka juyo yamma ka gan shi yana ɗaga taru. Na ba shi ubiquitous, abin da ake samu ko'ina a lokaci guda. Suka yi ta tafi. Akwai wani kuma da kansa ya ce shi fa ba ya son gaggawa, jirginsa ma haka, su biyun sun fahimci juna. Na ba shi lackadaisical, mai yin abu sakaka, ba zafi ba himma. Ya gwada sau biyu, ya ce, "Laka da sikari." Ya ce ai rayuwar duniya ke nan, ya karɓa.

Ba kullum ake karɓa cikin sauƙi ba. Ranar da na kawo serendipity sai da aka kusa rasa sallar la'asar a jam'i. Na ce ma'anarta ka fita neman wani abu, ko ma ba ka neman komai, sai ka ci karo da wani alheri da ba ka zata ba. Wani ya ce wannan ai tsintuwa ce. Wani ya ce a'a, tsintuwa tana da mai ita, wannan dace ne. Baba ya ce duk ƙarya suke, rabo ne, kuma rabo rubutacce ne, don haka babu wani ba-zata a ciki, Turawa ne ba su da labari. Aka juyo gare ni in raba gardama. Na ce ta fi kusa da dace, amma dace mai zuwa da murna, wanda sai mai buɗaɗɗen ido ke gane shi in ya zo. Baba ya ce to shi bai yarda ba. Aka ce masa ai dama sunan jirginsa ya riga ya faɗa.

Ban san yadda zan kwatanta irin farin cikin da nake ciki a watannin nan ba. A mota ina tafe ina motsa baki, fasinjoji su ɗauka wuridi nake. Ina tsakiyar tuƙa tuwo sai wata kalma ta faɗo mini tare da fuskar wanda za ta dace da shi, in saki muciya in yi ta dariya ni kaɗai. Gidanmu kuwa ya koma warin banda, don ba mai zuwa hannu sake, har maƙwabtanmu na Nasarawa suka fara tambaya ko sana'ar kifi na fara.

Wata rana bayan maza sun watse, Inna ta ajiye abin juya kifinta ta ce, "To, itace ya samu suna. Ni da nika ciyar da masu itacen fa?"

Ta jawo babban daron da take kai kifi kasuwa a ciki, ta dangwarar a gabana. Inna ba ta da tsawo, amma in ta tsaya a bakin rumfarta babu dillalin da ke taya mata kifi da wasa. Na ce mata formidable: wanda in ka gan shi sai gabanka ya faɗi, kuma dole ka girmama shi. Ta ce a rubuta da ja. Sannan ta matso kusa da kunnena.

"Akwai ta mutum mai surutu? Wanda in yaf fara labari sai miya ta huce?"

Na ce akwai, garrulous.

Tun daga ranar, in ta sauke tukunya sai ta ɗaga murya: "Garulas, tuwo ya sauka!" Kawu ya yi ta amsawa da fara'a, yana tsammanin wata sarauta ce aka naɗa shi. Sai da aka kwana biyu ya tare ni a zaure ya tambaya. Doka doka ce, na faɗa masa. Ya shafa gemu.

"Da Turanci dai ta hwaɗi ko?"

Na ce da Turanci.

"To ba komi. A bar shi."

Cikin masu zuwa zauren akwai wani maƙwabcin Kawu da bai taɓa neman kalma ba. Dattijo ne mai doguwar fuska, yakan zauna daga gefe ya yi ta gyaran tarunsa. Matarsa ta rasu a damanar da ta wuce, 'ya'yansa kuma duk sun tafi kudu neman abinci. Amma Inna ta ce tun kafin haka ma ba a cika ganin haƙoransa ba. Wata Asabar abokansa suka taso shi gaba, suka ce lallai Malama ta nemo kalmar mai fuskar makoki. Na yi ƙoƙarin zillewa, suka matsa. Na ce akwai lugubrious, mai kama da wanda aka yi wa mutuwa ko da ranar Sallah ce. Zaure ya kece. "Lugubiriyas!" Har wani ya faɗo daga kan benci.

Dattijon bai ɗago ba sai da suka lafa. Sannan ya ce, "Malama, wagga ta yi kama da ni, ban musa ba. Amma jirgin ba haka yake ba. Shi ya ga kwanaki masu daɗi. Akwai kalmar lokacin da ruwa ya kwanta, kihi na nan, kowa naka na gida?"

Na ce akwai. Halcyon. Kwanakin natsuwa da jin daɗi da suka wuce, waɗanda mutum ke tunawa. Na ƙara masa da cewa asalinta sunan wani tsuntsun bakin ruwa ne mai kamun kifi, wanda mutanen da can suka ce in zai yi ƙwai har iska takan dakata masa.

"Halsiyan," in ji shi. Bai nemo mata Hausa ba. Ya sa aka rubuta masa ita da ƙananan baƙaƙe, daga cikin jirgin, inda shi kaɗai zai riƙa gani in ya zauna tuƙi.

Da kaka ta yi, gulbi ya cika ya kwanta, Kawu ya ce abin kunya ne a ce wadda ta raɗa wa jirage suna ba ta taɓa shiga ko ɗaya ba. Gaskiya ne. Ni 'yar cikin Birni ce, ruwan da na sani shi ne na famfo da na randa. Na kawo uzuri iri-iri, Inna ta ture su duka. Ta ɗaure mini zane tamau, ta sa na naɗe mayafi a ƙugu, ta raka ni har bakin ruwa da daronta a ka.

Na shiga da bismilla, na zauna a tsakiyar jirgi a ƙasa, na riƙe gefe da gefe kamar za a ƙwace mini. Kawu ya zauna a baya da filafilinsa, ya tura mu. Da farko ban buɗe ido ba. Da na buɗe kuwa, sai na ga abin da suke gani kullum: ruwa shimfiɗe kamar faranti, gonakin shinkafa sun yi ruwan zinariya har iyakar gani, fararen balbelu na tashi rukuni-rukuni. Na fara sakin hannu ɗaya. Har na fara tunanin wace kalma ce za ta dace da wannan.

Sai ga hancin wani jirgi ya ɓullo daga bayan ciyawa, da manyan baƙaƙe warwatse a jikinsa.

"Kai, marar gajiya!" in ji Baba. "Ka ga giginyar can ta ƙetare? In ka isa!"

Kawu ya tofa yawu a tafin hannunsa. "Ɗiyata, riƙe da kyau."

"Kawu, ina ciki fa!"

"Awo. Ke za ki ba da shaida."

Ban san jirgin katako yana iya gudu haka ba. Ruwa ya fara fallatso mini a fuska. Kawu na nishi a bayana, kowane bugun filafili sai jirgin ya zabura. Masuntan da ke kusa suka ga abin da ake ciki, suka saki tarunansu suka biyo mu. Mutanen bakin gaɓa suka taso, yara da manya, suna bin mu a guje ta kan yashi suna ihu. "In da fata ka ɓullo!" "Kantankaras!" Har da masu kiran "Laka da sikari!" ko da yake shi mai wannan jirgin yana can baya bai ko juyo da hancinsa ba. Sama da duk wannan hayaniyar ina jin Inna tana dukan daronta da ludayi.

Ni da farko salati nake. Ban san lokacin da salatin ya koma "Kawu, tuƙa!" ba. Da na ga hancin jirgin Baba ya zo daidai kafaɗata, sai wani abu ya hau kaina. Duk kalmomin da na tara tun ina ɗaliba suka ɓalle. Ina ihu ina jifan Baba da su, ba tsari ba ma'ana, preposterous, obstreperous, flabbergasted, shi kuma yana ramawa da "Ke ma haka! Ke ma haka!" Jiragen biyu suka matso har suna gugar juna. Kawu da Baba suka bar kallon giginya suka koma kallon juna, kowa na tuna wa ɗan'uwansa abin kunyar da ya yi tun suna yara. Baba ya miƙo filafili ya tsokano hular Kawu, ta faɗa ruwa. Ni kuwa, don in ga ko mun wuce su, sai na miƙe tsaye.

Na ji gulbi gaba ɗaya ya ce, "Zauna!"

Ban samu zama ba. Sama ta koma ƙasa, na ji sanyi ya rufe ni, ruwa ya shiga hancina. Na yi ta bugun ruwa da hannu biyu ina kiran sunan Allah, ina kiran mahaifiyata, ina yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mini. Na tabbata tawa ta ƙare. Cikin haka na ji wata murya a natse a kusa da kunnena.

"Malama. Malama. Miƙe tsaye."

Dattijon nan ne mai doguwar fuska, ya kawo jirginsa dab da ni. Na sauke ƙafa. Na ji yashi. Na miƙe, ruwan ya tsaya mini a ƙugu. Ashe kan wani tudun yashi muka kife.

Na tsaya ina ɗiga, ɗankwali ya rufe mini ido ɗaya. Ga Kawu can shi ma tsaye cikin ruwa ba hula, yana riƙe da jirginsa da ya kife. Ga Baba ya kwanta rigingine a cikin nasa yana shure-shure, dariya ta hana shi numfashi. Na juyo ga dattijon don in yi masa godiya, sai na ga kafaɗunsa na rawa. Ya sa hannu ya rufe baki, abin ya fi ƙarfinsa, ya saki wata irin dariya mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Mutanen gaɓa suka bar kallona suka koma kallonsa. Ni ma sai ta kama ni. Ina tsaye a tsakiyar gulbi ina tari ina dariya har na sake zama cikin ruwan daɓas.

Ba wanda ya kai giginya a cikin su biyun. Da aka duba can ƙetare, sai ga siririn nan mai ubiquitous zaune a gindinta yana cin gyaɗa, kuma babu wanda ya ga wucewarsa. Ya ce shi ya ci. Baba ya ce ba a sa da shi ba. Kawu ya ce shi ke gaba lokacin da aka yi hatsari, kuma yana da shaida. Aka juyo gare ni, na ce ni lokacin ina ƙarƙashin ruwa. Har yau ba a raba wannan gardamar ba.

Dattijon ne ya maido ni gaɓa. Inna ta tarbe ni da faɗa, rabi nawa rabi na Kawu, tana yi tana juya baya don kada in ga tana dariya. Ta kai ni gida ta ba ni kayanta na sa, riga ta tsaya mini a cibiya, zane bai kai idon sawu ba. Takalmina ɗaya ya tafi da ruwa. Ta ba ni wani silifa na Kawu da ya yi biyun ƙafata, ta cusa mini ƙullin kifi, ta ce in yi sauri kada mota ta ƙare.

A tasha na samu gurbi a baya, tsakanin wata mata mai goyo da buhun albasa. Mun ɗan yi nisa direba ya dube ni ta madubi, ya ga kai a jiƙe, ya ga rigar aro, ya ce, "Hajiya, lahiya dai?"

Na buɗe baki in ba shi labari. Na ce, "Kawuna ne yake da jirgi..." sai dariya ta ƙwace. Na dake, na sake farawa, ta sake ƙwacewa. Matar da ke gefena ta dube ni, ta dubi silifan, ita ma ta fara, ba tare da ta san dalili ba. Jaririnta ya farka ya zuba mana ido. Wani tsoho a gaba ya ce mu ji tsoron Allah mu faɗa musu abin da ya faru, kafin ya rufe baki shi ma ta kama shi. Haka muka yi ta yi, in ta lafa sai wani ya waiwayo ya dubi ƙafata ta dawo sabuwa. Har muka wuce Zauro, fitilun Birni suka fara bayyana, ban kai ga gaya musu ko sunan jirgin ba.